Bashin Ƙuruciya, Wa Ke Biyansa?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin magidanta a unguwannin Adjame da Treichville na birnin Abijan. Ana jinta a teburin mai shayi, ana jinta a rumfunan kasuwa, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Mutum ne mai shekara 40 ko 50, furfura ta fara fito masa a gemu, yana da mata da 'ya'ya, amma da zarar an taɓo zancen gida sai ya ce, "Da Baba ya bar ni a makaranta, da ba a nan kuka gan ni ba." Wani ya ce kishiyar uwarsa ce ta raba shi da mahaifinsa. Wata ta ce goggonta ta karɓe ta riƙo tana 'yar shekara 7, ta mai da ita baiwa. Shekara da shekaru ana maimaita labari ɗaya, kowace shekara kuwa sai ya ƙara ɗaci.

Lokaci ya yi da ikilisiya za ta gaya wa waɗannan 'yan'uwa gaskiya. Abin da aka yi musu mugunta ne, babu shakka. Amma baligin da ya mai da ƙuruciyarsa littafin bashi, yana buɗe shi kowace safiya, ba zai karɓi ko dala ɗaya daga hannun waɗanda suka ci bashin ba. Wanda zai biya shi ne yaron da ke kwance a tabarmar ɗakinsa.

Mikin na gaskiya ne

Kada wani ya ce ƙarya suke yi. Tarihin yadda Hausawa da maƙwabtansu suka cika waɗannan unguwanni ya isa shaida. Bayan da aka gama haƙa mashigin ruwa na Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, birnin ya zama wurin neman kuɗi ga dukan yammacin Afirka. Treichville, wadda take kusa da tashar, ta cika da leburori. Adjame kuwa, da kasuwarta da babbar tashar motarta, ta zama masaukin baƙin da suka gangaro daga arewa. Daga Adar da Tawa, daga Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, har daga Sakkwato da Katsina, samari suka yi ta kwarara. Ƙidayar 1998 ta nuna mutum 26 cikin 100 na mazaunan Kodebuwa baƙi ne. Har abincin nan na rogo da soyayyen kifi da ake kira garba, wanda kowane ɗan Abijan ya sani, ana danganta sunansa da 'yan Nijar da suka yi fice wajen sayar da shi.

Da yawa cikinsu ba su zo da girmansu ba. Sa'ad da fari ya cinye gero a 1973, da kuma a 1984, iyaye suka cire yara daga aji, suka haɗa su da kawu ko wani ɗan gari. Yaro ya sauka a Adjame ba ya jin Faransanci, ba ya jin Julanci. Ya yi dako, ya goge takalma, ya wanke wa mai shayi kofuna, ya kwana a baranda. Abin da ya tara aka aika gida, aka sayi hatsi, ko aka yi wa wansa aure da shi. Yana fara tsayawa da ƙafarsa sai ga katin zama da aka ɗora wa baƙi tun daga 1991, wanda ba a ɗauke wa 'yan ƙasashen yammacin Afirka ba sai a 2007. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, guminsa ya narke a aljihu. Wanda ya taso haka, in ya ce an cuce shi, ya faɗi gaskiya.

Likitoci ma sun tabbatar. A birnin San Diego na Amurka an bincika rayuwar mutane fiye da 17,000 tsakanin 1995 da 1997, aka fara fitar da sakamakon a 1998. An tarar cewa gwargwadon yawan duka, wulakanci da rashin kulawar da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon haka hatsarin shaye-shaye, baƙin ciki mai tsanani, har da ciwon zuciya yake ƙaruwa a kansa bayan ya girma. Watau mikin ƙuruciya yakan bi mutum har cikin jini da tsoka. Saboda haka ne ma ya zama dole a yi masa magani. Wanda yake da gyambo a ƙafa, ya san gyambo ne, amma kullum sai ya sa farce ya fame shi don mutane su ga abin da aka yi masa, wannan ya fita daga layin majinyata, ya koma yana taya cutar aiki.

Zomo da maratayinsa

Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mahaifin da ya cire yaro daga makaranta yana can ƙauye ya tsufa, ko kuwa ƙasa ta rufe masa ido. Kishiyar uwa tana nisan kwana biyu ko uku a mota. Fushin ba ya isa gare su, sai ya sauka a kan na kusa. Matar gida ta sha zagi a kan gishirin miya. Ɗa ya nemi kuɗin littafi, a ce masa, "Ni wa ya saya mini?" Matar da goggonta ta wahalar, yau ita ce ta aika ƙauye aka kawo mata 'yar ƙanwarta. Yarinyar ce ke tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta ɗauki farantin talla zuwa bakin tasha, 'ya'yan gida kuwa suna barci. In aka yi mata magana sai ta ce ai ita ta sha abin da ya fi wannan, ga ta kuma ba ta mutu ba.

Mai karatu ya dubi wannan amsa da kyau. Bakin da ya shekara 30 yana cewa abin da aka yi masa zalunci ne, shi ne kuma yake cewa abin ba ya kisa. In zalunci ne a kansa, zalunci ne a kan yarinyar nan. In kuwa ba kome ba ne, to, kukan me ake yi tun tuni? Mai riƙe da ƙullaci yakan auna wahalarsa da babban mudu, ya auna ta waɗansu da ƙarami.

Abijan ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Bayan rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka wajen 3,000, gungun yara da samari da mutanen gari suka laƙaba wa suna "microbes", watau ƙwayoyin cuta, suka addabi Abobo, Attecoube da Adjame da adduna da wuƙaƙe. Talauci da yaƙi suna da hannu a ciki, lalle. Amma kowane ɗayansu wani gida ne ya haife shi, wani gida ne kuma ya ga ya daina kwana a ɗaki bai bi sawunsa ba. Tun 2015 dokar Kodebuwa ta tilasta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16. Mai bin da ya yi shekaru yana tsine wa ranar da aka cire shi daga aji, sa'an nan ya bar yaron da ke hannunsa yana dako a kasuwar Adjame, ya karya dokar ƙasa, ya kuma yanke wa kansa hukunci da bakinsa.

Masu cinikin ƙullaci

Akwai waɗanda wannan ciwo ya zama musu jari. A sansanonin addu'a da majami'un da suka yawaita a kewayen Abijan, akan sami masu kiran kansu annabawa da suke karɓar mutum da tambaya ɗaya: wa ya riƙe ka kana yaro? Da ya ambaci kishiyar uwa ko goggo, an sami mai laifi. Ita ce ta ɗaure masa arziki, ita ce ta binne sunansa a gindin tsamiya, la'anar kakanni ce take binsa. Sai a sa masa azumi, a sayar masa da mai da ruwa a kwalba, a umarce shi ya daina aika kome gida don kada a yi amfani da kuɗinsa a cuce shi. Mutumin ya shiga da ɓacin rai, ya fito da ƙiyayya mai hatimin addini. Wata tsohuwa a ƙauye, wadda laifinta na gaskiya shi ne rowa da son kai, ta wayi gari an kira ta mayya.

Wannan koyarwa ba ta da gindi a Littafi Mai Tsarki. Annabi Ezekiyel ya yi hidima cikin mutanen da aka kwashe zuwa Babila, baƙi a ƙasar wasu, masu ganin laifin iyayensu ne ya kai su can. Suna da wani karin magana da suke fakewa da shi, wanda ke ɗora wahalar 'ya'ya a kan abin da iyaye suka ci. A sura ta 18 Ubangiji ya hana su sāke furta shi. Ya kawo misalin tsara uku, kaka adali, uba mugu, da jikan da ya ga dukan muguntar ubansa ya ƙi bin sawunsa, ya kuwa ce wannan jika zai rayu. Ashe akwai hanyar fita, kuma a hannun jikan take. Gaskiya ne zunubin iyaye yakan bar tabo a kan 'ya'ya, Dokoki Goma ma sun yi wannan gargaɗi. Amma ƙofar da ya fi shigowa ta ciki ita ce kwaikwayo, ɗa ya ɗauki sandan da aka doke shi da shi ya ajiye don nasa ɗan. Wanda ya gaskata cewa Almasihu ya ɗauki la'ana a kan gicciye ba shi da dalilin biyan wani mutum kuɗi don ya sāke ɗauke masa ita.

Masu cewa a rufe

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda ya fi yawa cikin dattawa masu mutunci. Su ne masu cewa, "Haba ɗana, uba ai uba ne. Abin da ya wuce ya wuce, kada a ƙara tā da shi." Suna tsammani gafara suke koyarwa, alhali rufa-rufa ce. Ba a gafarta abin da ba a yarda ya faru ba. Yarinyar da wani babba a gidan riƙo ya lalata, in aka ce ta yi shiru don sunan dangi, an cuce ta sau biyu, an kuma bar ƙofa a buɗe ga ta bayanta. Irin wannan laifi na hukuma ne, gafarar zuciya ba ta soke shari'a.

Abu uku ne ake cuɗawa wuri ɗaya, dole a rarrabe su. Mantuwa ba ta cikin ikon mutum, ba wanda zai umarci ƙwaƙwalwarsa ta goge abu. Amincewa kuwa sai an gwada mutum an ga ya sāke hali, ba tilas ba ne a mai da yaro gidan da aka taɓa cutar wani. Gafara ita ce take cikin ikon mai bi tun yau, ko mai laifin ya roƙa ko bai roƙa ba, ko yana da rai ko ya mutu. Ma'anarta mutum ya ƙirga bashin sarai, ya kira shi da sunansa, sa'an nan ya daina bi, ya bar hukuncin ga Allah. Masu cewa rama cuta ga macuci ibada ne, su sani wannan ibada ba ta da wuri a teburin Jibin Ubangiji.

Kodebuwa kanta ta ɗanɗana wuyar wannan aiki. A 2011 aka kafa hukumar tattaunawa, gaskiya da sulhu a ƙarƙashin Charles Konan Banny, ta saurari waɗanda rikicin ya shafa, ta miƙa rahotonta a Disambar 2014. Laurent Gbagbo, bayan kotun duniya ta birnin Hague ta wanke shi, ya komo Abijan ran 17 ga Yuni 2021, ran 27 ga Yuli kuma ya gana da Alassane Ouattara a fadar shugaban ƙasa. Da yawa cikin waɗanda aka kashe wa dangi sun ga ba a yi musu cikakken adalci ba, suna kuwa da hujja. Duk da haka kasuwar Adjame ba ta jira cikakken adalci kafin ta buɗe ba, gama yara suna bukatar abinci. Haka gidan mutum yake. In ya ce ba zai yi dariya da 'ya'yansa ba sai ranar da mahaifinsa ya durƙusa ya nemi gafara, yaran za su girma su bar gida ba su taɓa ganin haƙoransa ba.

Yefta da Yusufu

Ga mutum biyu daga cikin waɗanda 'yan'ubanci ya kora daga gidan ubansu a Littafi Mai Tsarki. Yefta, a Littafin Mahukunta sura 11 da 12, 'ya'yan matar gida suka hana shi gādo saboda asalin uwarsa, ya gudu ƙasar Tob, 'yan iska suka taru wurinsa. Da Ammonawa suka matsa wa Gileyad, dattawa suka je biko. Ya fara da goranta musu korar da aka yi masa, bai kuwa amsa ba sai da aka yi masa alkawarin shugabanci. Jarumi ne, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta lasafta shi cikin masu bangaskiya. Amma mai karatu ya duba gidansa. Ya yi wa'adi na gaggawa don ya tabbatar da nasara, wa'adin ya faɗa a kan 'yarsa tilo. Da mutanen Ifraimu suka zo masa da maganar raini, aka tare mashigan Urdun, aka karkashe mutum 42,000, ana gane su ta yadda harshensu ke furta kalma ɗaya. Wanda ya zauna a Abijan a 2011, ya ga shingayen da ake tsai da mutum a duba sunansa da rigarsa, ba ya bukatar a fassara masa wannan. Shekara 6 kaɗai Yefta ya yi yana mulki, bai bar zuriya ba.

Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi a bakin azurfa 20. Ya yi bauta, ya yi kurkuku a kan ƙazafi, sai yana da shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Da aka haifa masa ɗan fari a Masar ya raɗa masa suna Manassa, don shaida cewa Allah ya mantar da shi wahalarsa. Wace irin mantuwa ce wannan? Sa'ad da 'yan'uwan suka zo awo ya gane su nan take, ya juya ya yi kuka. Bai amince da su da ka ba, sai da ya gwada su a kan Biliyaminu. Ran da ya bayyana kansa, bayan wajen shekara 22, ya ambaci sayarwar da bakinsa. Bai manta kome ba ke nan. Abin da ya faru shi ne wahalar ta daina mulkinsa, har ya iya ɗaukar ɗansa ba tare da ya ga ramin Dotan a fuskar jaririn ba. Bayan rasuwar Yakubu, da tsoro ya kama 'yan'uwan, ya yi musu alkawari zai ciyar da su da ƙanananansu. 'Ya'yan waɗanda suka jefa shi rami suka ci daga rumbunsa. Kora iri ɗaya aka yi wa mutum biyun nan, amma a gidan ɗaya 'ya ce ta biya, a gidan ɗayan kuwa bashin ya tsaya a kansa.

Lebura daga Treichville

Treichville ma tana da nata misali. Oumarou Ganda, Bazabarme haifaffen Yamai a 1935, ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indocin. Ya komo gida bai sami aiki ba, ya gangaro Abijan ya zama lebura a tashar jiragen ruwa. A nan Jean Rouch ya same shi, ya sa shi cikin fim ɗinsa na 1958 a kan samarin Nijar mazauna Treichville, inda Ganda ya zazzage takaicinsa na yaƙi da talauci ba ɓoye-ɓoye. Da a nan ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin sojan da ke ba da labari ɗaya a mashaya har mutuwa. Sai ya koma Yamai ya koyi sana'ar da kansa. Fim ɗinsa na fari, Cabascabo, labarin tsohon sojan Indocin ne da ya komo gida. A 1972 wani fim nasa ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, shi ne kuwa na farko da ya ci ta. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981, bikin kuma ya sa sunansa a kan kyautar da ake ba sabon mai shirya fim. Yarantakar da yaƙi ya cinye ba ta komo masa ba. Ya dube ta ido da ido, ya yi aiki da ita, na bayansa suka ci moriya.

Abin da ya rage

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma sun kuma ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Manzo Bulus, wanda yake da nasa tarihi mai nauyi, ya kwatanta rayuwar mai bi ga Filibiyawa da tsere, mai tsere kuwa idonsa a gaba yake.

Saboda haka mai bin da ke ɗauke da irin wannan kaya ya nemi fasto ko dattijo mai riƙon asiri, mace ta nemi uwa cikin zumuntar mata, a faɗi labarin duka sau ɗaya, da kuka in ya zo, a kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a. Wanda abin ya hana shi barci, ko ya jefa shi cikin giya, ko ya sa shi tunanin kashe kansa, ya ga likita, babu kunya a ciki. In tsohon yana da rai, waya tana aljihu. A kira shi a ce, "Baba, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" ko da ba zai taɓa cewa ya yi kuskure ba, gama yawancinsu ba za su ce ba, waɗansu kuwa yunwa ce ta yanke musu shawarar da suka yanke. Fastoci su daina tsallake wannan zance a kan bagade, su kuma tambayi kowane gida na ikilisiya game da yaran riƙo da ke cikinsa, su nawa ne, ina suke kwana, wane aji suke.

Ga kuma ma'aunin da ba ya ruɗi. Mutum yana iya cewa ya yafe, ya ɗaga hannu a taron farkawa, ya zub da hawaye. Shaidar tana gida. Sa'ad da makarantu suka buɗe a watan Satumba, a duba ko 'yar riƙon nan ta ajiye farantin talla ta ɗauki jaka tare da 'ya'yan gida. In ta ɗauka, bashin ya mutu a hannun wanda aka ci wa shi, Allah kuwa ba zai manta da wannan ba.